Jirgin Ruwa ko Gidan Haya: Ina Ya Fi Dacewa a Kai Kaka da Jikoki Hutu?

Daga watan Mayu zuwa Oktoba, lokacin da zafi ya sauka a Turai, manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ba sa yankewa a tashar Barcelona ta ƙasar Sifaniya. Zagayen da suka fi yi na kwana bakwai ne: su taɓa Marseille a Faransa, su gangara Genoa da Civitavecchia da Naples a Italiya, wani lokaci su biya ta tsibirin Mallorca, sannan su komo inda suka fito. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a duniya a shekarar 2023. Da yawa daga cikinsu zuri'a ce sukutum: tsohuwa a keken turawa, ɗanta riƙe da fasfon kowa, matarsa da jariri a kafaɗa, sauran yara suna ta tsalle don sun ga jirgin da ya fi benen unguwarsu tsawo.

Wannan shawara ta fara zuwa gaban iyalai irin namu, musamman waɗanda aiki ko karatu ya zaunar a Ingila ko Jamus ko Faransa. An sha wahala an samo wa Alhaji da Hajiya biza, sun zo ganin jikoki, wa da ƙane sun daidaita hutunsu ya faɗo mako guda. Sai wani ya ce a hau jirgin ruwa. Wata kuma ta ce a kama babban gida haya a bakin teku, a wannan gaɓar dai ta Bahar Rum, a zauna wuri guda. Ban ɗauki wannan gardama ƙaramar magana ba, domin iyali da yawa ba za su sake haɗuwa haka ba sai bayan shekaru, tsoho kuwa ba shi da tabbacin shekarun nan. Abu biyu nake aunawa da su: wa zai huta da gaske, sannan ko jikoki za su koma gida sun san kakanninsu fiye da sanin da suka yi musu ta waya.

A fara da tukunya, don a nan jirgin ya fi ƙarfi. Gidan da mutum goma suka sauka, sau uku a rana sai an ɗora girki, an wanke kwanuka, an share ƙasa, an fita cefane a garin da ba a san hanyarsa ba. Kowa kuma ya san a kan wa aikin nan yake faɗawa. Matar ɗa ba za ta miƙe ƙafa a falo tana kallon uwar mijinta ta nufi kicin ba. Ko Hajiya ta ce mata, “Zauna abinki, 'yar nan, ai hutu kika zo,” kunya ba za ta bar ta ta zauna ba. Idan akwai facala ko ƙanwar miji a gidan, sai lissafin zuci ya shigo: wa ta yi tuwon jiya, wa ta kwanta har hantsi, 'ya'yan wa suka ɓata kujera. Ba wanda zai furta, amma kowa yana ƙirgawa. Maza sukan dawo daga irin wannan hutu suna yaba shi tsakani da Allah, domin su sun huta. Matar kuwa aikin gidanta ta kwasa ta kai wata ƙasa, aka ƙara mata baki shida.

A jirgi babu wannan. Tun da sassafe har dare akwai abinci a shirye, kuma kuɗinsa yana cikin kuɗin tikiti. Ana gyara ɗaki kullum, ana sauya tawul, ana kwashe shara. Suruka da uwar miji su zauna a teburi ɗaya, a kawo wa kowacce farantinta, babu wadda za ta tashi ɗauko ruwa. Macen da take fita aiki, ta dawo ta yi girki, ta yi wa yara uku wanka, a ƙasar da ba ta da 'yar aiki kuma ba ta da maƙwabciyar da za ta miƙa wa goyo, wataƙila wannan ne kaɗai makon da za ta ci abincin da ba ita ta dafa ba. Duk wanda ya raina wannan, bai taɓa tambayar matarsa yadda hutun bara ya kasance mata ba.

Abu na biyu da jirgi yake bayarwa shi ne ƙofa. A al'adarmu akwai kunya tsakanin surukai wadda gidan haya na Turawa ba a gina shi da saninta ba. Falo ɗaya ne haɗe da kicin, banɗaki biyu ko uku ga jama'a duka, bango siriri. Matar ɗa ta wuni da mayafi don Alhaji yana falo. Alhaji shi ma ya takura, yana jiran a watse kafin ya fito alwala. A jirgi kowane gida da ɗakinsa da banɗakinsa da makullinsa, kuma ana iya neman ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani don iyaye da yara. Tsohon da ya saba tashi kafin asuba ya yi ƙailula bayan azahar zai bi tsarinsa, matasan da suke son hira har tsakar dare su bi nasu, a haɗu lokacin cin abinci kowa fuskarsa a sake.

Kamfanonin suna yawan tallata cewa tsoho zai ga ƙasashe uku ba tare da ya kwance kayansa fiye da sau ɗaya ba, kuma gaskiya ne. Jirgin kamar otal ne da yake tafiya da dare, gari ya waye a wata tasha. Akwai lifta zuwa kowane hawa, akwai ɗakuna masu faɗin ƙofa don keken marasa lafiya, ko da yake ba su da yawa kuma da wuri ake kama su. Amma girman jirgin kansa nauyi ne ga mai ciwon gwiwa. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. 'Yan'uwansa da suke zagayen Barcelona kaɗan ya fi su. Idan ɗakin Hajiya yana gaban jirgi, wurin cin abinci yana baya, to tafiya ce mai nisa sau shida a rana, ga jiran lifta a lokacin da dubban mutane suke son sauka tare.

Biranen da ake gani a takardar talla ma ba duka ne suke bakin ruwa ba. Idan aka rubuta birnin Rum, Civitavecchia ake nufi, kuma tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, tafiyar fiye da awa guda a mota ko jirgin ƙasa. A je da tsohuwa da ɗan shekara biyu a zafin watan Yuli, a yi layi, a hau duwatsun titi da keken yaro, a riƙa duba agogo, domin jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa ya makara. A wasu wurare, kamar tsibirin Santorini na Girka, babban jirgi ba ya iya matsawa bakin tasha, sai a sauke mutane cikin ƙananan kwale-kwale, kuma mai keken marasa lafiya sau da yawa ba ya iya sauka ko kaɗan. A gidan haya kuwa babu agogon kowa. Idan Alhaji ya tashi da ciwon baya, an fasa fita, ba a yi asarar komai ba.

Inda lissafin jirgi ya fi rikicewa shi ne wajen ƙananan yara, kuma nan ne iyaye suka fi shiga ba su karanta sharuɗɗa ba. Galibin manyan kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, a tafiyar ƙetare babban teku kuwa sai ya cika shekara. Mai ciki da za ta shiga mako na 24 kafin a dawo, ba za a bar ta ta hau ba, ko da an riga an biya kuɗi. Wurin renon yara na kyauta, wanda shi ne babban abin da yake jan iyaye, a yawancin jirage daga shekara uku yake farawa, kuma sai yaron da ya iya zuwa banɗaki da kansa. Na ƙasa da haka, in ma akwai ɗakin renonsu, kuɗi ake biya kowace awa, kuma gurbi kaɗan ne. Yaron da yake sa famfas ba a yarda ya shiga tafkin wanka ba saboda dokar tsafta, sai dai ɗan wurin fantsama ruwa da wasu jirage suka keɓe. Ga shi yana kallon yayyensa suna iyo, yana kuka, uwarsa tana riƙe shi.

Ɗakin kwana na talakan fasinja bai cika wuce murabba'in mita 15 zuwa 18 ba. A ciki za a sa gadon iyaye, gadon jariri, akwatuna da keken yaro. Yawancin ɗakunan ba su da bahon wanka, sai shawa 'yar ƙarama. An hana shiga da dutsen guga da rishon lantarki da duk abin da yake ɗaukar zafi, saboda gobara ita ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro, don haka uwa ba za ta dama wa yaro kunu da tsakar dare yadda ta saba ba. Idan yaro ya yi barci ƙarfe bakwai, wani babba zai zauna da shi a cikin duhu har gari ya waye, yayin da sauran suke can sama suna kallon wasa. Mun san wace ce za ta zauna. Ashe hutun da jirgi ya ba ta a kicin, ya karɓe shi a ɗaki. Gidan haya yana da injin wanki, yana da firji, yana da tsakar gida inda yaro zai yi rarrafe, kuma idan ya yi barci a ɗaki manya suna falo suna jin motsinsa. Ga iyalin da autansu bai kai shekara uku ba, wannan bambanci ya ishe ni hujja.

Tsoron ruwa shi ne abin da tsofaffi suke fara faɗa, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Wasunsu sun taso suna jin labarin iyayensu da suka je Hajji ta ƙasa, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, kuma ba labarin shaƙatawa ba ne. Jiragen yau wani abu ne daban. Suna da na'urorin rage tangaɗi, kuma wanda yake saurin jin jiri ana ba shi shawarar ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa, ko da yake mashigin da ke gaban Marseille yakan yi iska mai ƙarfi. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka cewa a nuna wa kowane fasinja wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto tun kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi. Ana ɗaura wa yara alama a hannu mai nuna inda za a kai su in wani abu ya faru. Dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen gefen jirgi kada ya gaza inci 42, wato mita ɗaya da 'yan kai. Yaro ba ya faɗawa ta kansa haka kawai, sai in ya sami kujera ya taka, shi ya sa mai ɗaki da baranda dole ya riƙa kulle ƙofarta.

Ni ruwan da ya fi ba ni tsoro shi ne na bayan gidan haya. Da yawa daga cikin gidajen hutu a Sifaniya da kudancin Faransa suna da tafkin wanka a tsakar gida, taku kaɗan daga ƙofar falo. Faransa ta kafa doka a 2003 cewa a sa wa irin waɗannan tafkuna shinge ko murfi ko ƙararrawa, amma ba kowace ƙasa ce take da irinta ba, kuma ƙararrawa ba ta hana yaro faɗawa. Nutsewar ƙaramin yaro ba ta da ƙara. Abin da ya fi muni, idan manya sun yi yawa a gida, kowa yana zaton wani ne yake kallon yaron: uwa ta ɗauka yana wajen Hajiya, Hajiya ta ɗauka yana wajen babansa. Manyan kamfanonin jiragen ruwa da dama sun sa masu gadin tafki a 'yan shekarun nan. Gidan haya ba shi da kowa. Wanda zai kama gida da ƙananan yara, ya nemi mai shingen da ake kullewa, ko wanda ba shi da tafki sam, teku ya ishe su.

Rashin lafiya kuma kowanne da irin tasa. Dubban mutane a rufe wuri ɗaya, suna taɓa cokalin zuba abinci ɗaya da maɓallin lifta ɗaya, hanya ce mai sauƙi ga cutar amai da gudawa da ake kira norobairos, wadda ta fi kayar da tsofaffi da jarirai, wato mutanen da aka yi tafiyar dominsu. Man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai wanki da sabulu. Duniya kuma ba ta manta da Diamond Princess ba, wanda aka killace a Yokohama a watan Fabrairun 2020 da mutum kusan 3,700, fiye da 700 suka kamu da korona. Amma jirgi yana da likita da ma'aikatan jinya a ciki dare da rana, kuma ga mai hawan jini ko ciwon sukari wannan kwanciyar hankali ce. Sai dai ganin likitan kuɗi ne mai tsada, babban ciwo kuma dole a sauke mutum a tasha ta gaba, iyali su rabu biyu a ƙasar da ba su shirya zama ba. Ko jirgi ko gida, tafiya da tsoho babu inshorar lafiya mai ƙarfi ganganci ne.

Sai maganar abinci da ibada, wadda tallan kamfanoni ba ya tsayawa a kanta. A yawancin jiragen Turai da Amurka naman halal sai an nema tun makonni kafin tafiya, kuma ba kowane kamfani ne yake samarwa ba. In ba haka ba, iyali su dogara da kifi da ƙwai da taliya da kayan lambu, su riƙa tambaya ko an sa giya a miya. Yara ba za su damu ba. Tsohon da ya shekara saba'in yana cin tuwo da dare kuwa, kwana uku zai fara rama. Ga mashaya a kusan kowane hawa, ga gidan caca da sau da yawa sai an ratsa ta gefensa, ga shigar bakin tafki wadda Hajiya za ta wuni tana kawar da kai. Salla a jirgin ruwa ba sabon abu ba ne ga malamai, kuma matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, amma alƙibla tana juyawa tare da jirgin, ɗakin kuma da ƙyar yake ɗaukar darduma biyu. Saudiyya ta ga wannan giɓi: kamfaninta na AROYA ya fara tashi daga Jidda a watan Disamban 2024, da abincin halal da wuraren salla, babu giya. Wanda zuciyarsa take kan jirgi kuma wannan ne damuwarsa, yana da inda zai duba. A gidan haya kuwa matsalar ba ta taso ba. Garuruwan gaɓar Sifaniya da Faransa, inda 'yan Maroko da Aljeriya suka daɗe da zama, ba sa rasa mahautan halal. Hajiya ta zo da kukarta da daddawa da yaji a akwati, a yi jam'i a falo, Alhaji ya ja salla jikoki suna bayansa.

Kuɗi ba zan daɗe a kansu ba, don sun danganta da wata da kamfani da gari. Abin lura kawai shi ne farashin da ake gani a talla ba shi ne ƙarshe ba. Kamfanonin Amurka suna ƙara tukuicin ma'aikata na kusan dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum kowace rana, wasunsu har da yara. Lemo da intanet da yawon gari duk daban ake biya. Gida kuwa kuɗinsa ɗaya ne ko mutum nawa suka kwana, amma a ƙara hayar mota biyu da kujerun yara da cefane. Akwai wani abu da jirgi ya sauƙaƙa: kowane gida yana biyan ɗakinsa daidai ƙarfinsa, mai hali ya kama mai baranda, ƙaninsa ya kama na ciki, ba wanda ya ji nauyin wani. Biza kuma ta shafi duka biyun. Bizar Ingila ba ta shiga Sifaniya, dole iyaye su nemi ta Shengen tun suna gida, kuɗinta yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024. Idan jirgin zai taɓa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, a tabbata bizar ta shiga fiye da sau ɗaya ce.

Ya kamata mai tafiya ya san cewa hutun nan a wuyan wasu yake. Masu gyara ɗaki da masu kawo abinci a jirgi galibinsu daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, suna yin watanni a teku suna aiki kwana bakwai a mako, nesa da nasu 'ya'yan. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 hutun awa 10 a rana ta wajabta musu. Tukuicin nan da ake ƙorafi a kansa haƙƙinsu ne, kuma bai dace a je a soke shi ba. Mutanen biranen ma sun gaji da ɓangarorin biyu. Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice tun watan Agustan 2021, hukumar birnin Barcelona kuma ta sanar a 2024 cewa zuwa ƙarshen 2028 za ta kawo ƙarshen lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba baƙi haya, saboda 'yan gari sun kasa samun muhalli.

Yanzu ga ma'aunina na biyu, wanda shi ne ya fi min nauyi. An gina jirgin ne don kowa ya sami abin da zai ɗauke masa hankali, kuma ya iya aikinsa ƙwarai. Ɗan shekara shida da ya ga silalon ruwa da ɗakin wasanni ba zai nemi kakarsa ba. Da safe a kai shi wurin reno, da rana tafki, da yamma wasan kwaikwayo. Sau ɗaya ake haɗuwa, a teburin dare, cikin ɗaki mai ɗaukar mutum dubu, ga kiɗa ga ƙarar cokula, tsohon da kunnensa ya yi nauyi yana murmushi bai ji abin da aka ce ba. Kamar kasuwa ce ranar cinta: kowa yana nan, amma ba wurin zama a yi zance ba ne. Za a dawo da hotuna masu kyau, an tsaya tare a gaban teku, alhali a cikin kwana bakwai da wuya kaka da jika su sami awa biyu su kaɗai.

Jikan da aka haifa a Manchester ko Hamburg, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, abin da yake buƙata shi ne lokacin da babu abin yi. Sai yaro ya gaji da wasa, ya rasa inda zai sa kansa, sannan yake zuwa ya raɓa jikin tsohuwa yana kallon yadda take tsinke zogale ko take jan carbi. A nan ne za ta ce masa, “Kai mijin nawa, ina kuɗin cefane?” ya tsaya yana mamaki, a fassara masa, gobe shi ma ya rama. A nan ne za ta kira ƙanwarsa kishiya, ta yi mata kitso, ta fara gatanan gatanan ku da dare. Alhaji ya riƙe hannun babban jikansa su taka zuwa bakin ruwa bayan la'asar, a hankali, yana gaya masa sunan garinsu da sunan kakansa. Wasan kaka da jika ba a tsara shi a jadawali. Gidan haya yana da irin waɗannan awanni da yawa, jirgi kuwa an tsara shi ne don kada a same su.

Don haka ni gida na zaɓa, amma da sharaɗi, kuma in ba a cika sharaɗin ba na janye. Kada a kama gidan sai an gama magana a kan tukunya, a gaban kowa, tun kafin a biya. A ware kuɗin mai girki ko mai shara da za ta riƙa zuwa, a sa abincin rana a waje, maza su ɗauki karin kumallo da wanke-wanke da cefane a matsayin aikinsu na makon, ba taimako ba. A nemi gida mai ɗaki da banɗaki a ƙasa don tsofaffi, da wani falo ko baranda inda mata za su sake. Idan 'yan'uwan sun san a ransu ba za su iya wannan ba, ko akwai tsohuwar tsama tsakanin matansu wadda kicin ɗaya zai tayar, to su hau jirgi, muddin autan ya wuce shekara uku. Su kama ɗakuna kusa da juna a tsakiyar jirgi, kusa da lifta, su nemi teburi guda a zaman farko na cin abincin dare. Ranar da aka tsaya a Civitavecchia, masu ƙarfi su tafi Rum, a bar kaka da jikoki da babba ɗaya a jirgin da ya zama wayam, kada a kai yaran wurin reno ranar.

Saura wa za a tambaya. Yawanci 'yan'uwa maza ne suke yanke wannan shawara a waya, sannan a sanar da sauran. Idan ɗa ya tambayi mahaifiyarsa kai tsaye, amsar da zai samu ita ce, “Duk yadda kuka yi daidai ne, Allah ya yi muku albarka,” ko da kuwa tsoron ruwa ya hana ta barci. A tura 'yarta mace ta tambaye ta su biyu, ita za ta gaya wa gaskiya game da gwiwa da abinci da banɗaki. Matar ɗa ma mijinta ya tambaye ta a ɗaki, ba a gaban danginsa ba, ya kuma kai amsarta wurin shawara a matsayin tasa, don kada a ce ita ce ta hana.